Fakiti Ɗaya, Siga Biyu: Wa Ke Yanke Hukunci Idan Manhaja Ta Ƙi Ginuwa?

Manhajar da ta ginu (wato aka haɗa sassanta ta zama abin da kwamfuta za ta kunna) lafiya lau jiya da yamma tana iya ƙin ginuwa yau da safe, alhali babu wanda ya taɓa ko harafi ɗaya a cikinta. Duk wanda ya ɗan jima yana rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, ya san wannan ɓacin ran. Ka duba tarihin canje-canje, ka ga babu sabon abu. Ka tambayi abokan aiki, kowa ya ce hannunsa bai kai wurin ba, kuma gaskiyarsu ce. Canjin ya auku ne can nesa, a aikin wani da ba ka taɓa jin sunansa ba, wanda ya fitar da sabuwar siga (wato sabon bugun aikinsa) cikin dare, ita kuma ta biyo ta hannun wani, ta faɗo cikin aikinka.

Yau da wuya a sami wanda yake rubuta manhaja tun daga tushe. Abin da ake yi shi ne a ɗauko guntayen kod da wasu suka riga suka rubuta, waɗanda ake kira laburare, ake kuma rarraba su a matsayin fakiti: wannan na yin magana da intanet, wancan na karanta kwanan wata, wani na ɓoye kalmar sirri. Kai da hannunka wataƙila fakitoci goma ka zaɓa. To amma kowannensu yana da nasa da ya jingina a kai, su ma suna da nasu, har abin ya zama bishiya mai rassa ɗaruruwa. Goman nan ka san su. Sauran gadonsu ka yi, kuma yawancin rikici daga cikin na gadon yake fitowa.

Siffar rikicin guda ɗaya ce a ko'ina. Manhajarka tana buƙatar fakitin A da fakitin B. Shi A yana buƙatar C, shi ma B yana buƙatar C, sai dai A tsohuwar sigar C ya sani, B kuma sabuwa yake nema. Idan aka zana hoton a takarda, kusurwa huɗu yake fitowa, kai a sama, C a ƙasa, shi ya sa masu sana'ar suke kamanta shi da lu'ulu'u. Wuri ɗaya ne, masu nema biyu. Dole wani ya yanke hukunci, kuma idan ba kai ba ne, na'urar ginin ce za ta yanke maka.

Bari mu ɗauki misali na gaske, mu dube shi kusa. A duniyar Java, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja, akwai fakitin Google mai suna Guava, wanda ya shiga ayyuka ba adadi. A tsofaffin sigoginsa akwai wani ɗan aiki da ake kira Objects.toStringHelper. A siga ta 18 aka yi masa sabon mazauni mai suna MoreObjects, aka sanar cewa tsohon zai tafi. A siga ta 21, wadda ta fito a farkon 2017, aka cire tsohon gaba ɗaya. Yanzu ka ɗauka A an gina shi da Guava 17, yana kiran tsohon suna. B kuma ta hannun wani fakitin ya jawo Guava 21, yana kiran sabon.

Idan da Maven, ɗaya daga cikin na'urorin ginin Java, kake gini, dokarsa ita ce na kusa shi ke da nasara: sigar da ta fi kusa da saman bishiya ita ake ɗauka, idan kuma nisan ya zo ɗaya, wadda aka fara ambata. A nan Guava 17 ce ta fi kusa, ita za a ɗauka. Ginin zai kammala, a nuna maka an yi nasara. Sai manhaja ta tashi, ta kai layin da ake neman MoreObjects, ta faɗi da kuskuren NoClassDefFoundError, domin babu shi a siga ta 17. Idan kuma da Gradle, wata na'urar ginin, kake gini, dokarsa dabam ce: mafi girman lamba shi ake ɗauka. Guava 21 za ta shigo, ɓangaren B ya zauna lafiya, shi kuwa A ya nemi tsohon aikinsa ya rasa, a jefo maka NoSuchMethodError. Aiki ɗaya, fakitoci iri ɗaya, na'urori biyu, kowacce ta karya wani ɓangare dabam. Gaba kura, baya sayaki.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a misalin nan shi ne akwai mafita a tsakiya. Sigogi na 18 da 19 da 20 suna ɗauke da tsohon suna da sabon duka. Mutumin da ya zauna ya karanta bayanan fitarwa yana iya cewa a ɗauki ta 20, ya gwada, idan ɓangaren B bai taɓa wani abu da sai a 21 yake ba, kowa ya samu biyan buƙata. Amma Maven ba zai zaɓi 20 ba, Gradle ma haka, don babu wanda ya nemi 20 a cikin bishiyar. Na'ura lambobi take kwatantawa. Ba ta san abin da ke cikin kowace siga ba, ba ta kuma san wane layi manhajarka take bi ba. Wannan sanin yana wurin mutum ne kaɗai.

Ka kuma lura da lokacin da matsalar ta bayyana. Ba a wurin gini ba, sai a wurin aiki. A da B sun zo maka a ginanne, babu mai sake tantance su da sigar da aka zaɓa. Idan layin da zai faɗi yana cikin wani lungu da ba a cika shiga ba, misali rahoton da ake fitarwa sau ɗaya a wata, to kuskuren yana iya kwanciya makonni kafin ya ɗago kai a gaban masu amfani da manhajar. Na taɓa shafe yini guda ina bin irin wannan. Gwaje-gwaje duk sun wuce, sabar (kwamfutar da ke ɗauke da manhajar) tana aiki, amma duk lokacin da aka danna maɓallin fitar da rahoto sai shafi ya mutu. Da na buga bishiyar dogaro a allo, na bi ta layi-layi da yatsa, sai ga shi can ƙasa: suna ɗaya sau biyu, ɗaya an rubuta a gefensa cewa an ajiye shi saboda ya ci karo da ɗayan. Na'urar ta yi zaɓinta tun makonni da suka wuce, ba ta ɗaga murya ba.

Sauran harsuna kowanne da hanyar da ya bi. JavaScript, ta hannun npm, mai girka masa fakitoci, ya ƙi yin zaɓin ma: idan A da B sun saɓa, sai a ba kowa nasa kwafin C a cikin foldar node_modules. Wannan ya kashe rikici da yawa, ya kuma sa foldar ta yi ƙaurin suna wajen kumbura. Amma akwai fakitocin da ba sa yarda a yi su biyu. React, fakitin gina shafukan intanet, na cikinsu: idan kwafi biyu suka shiga shafi ɗaya, sai ka ga saƙon nan na "Invalid hook call", domin kowane kwafi yana riƙe da nasa bayanan ciki, ba ya gane na ɗan'uwansa. Don irin wannan aka ƙirƙiro peerDependencies, inda fakiti zai ce: ni ba zan zo da nawa ba, zan yi aiki da na mai gida, amma ga sigogin da na yarda da su. Tun daga npm 7, a 2020, ana duba wannan sharaɗi da gaske, kuma idan aka saɓa sai a tsaya da kuskuren ERESOLVE. Cargo na harshen Rust ma yana barin sigogin da ba su jitu ba su zauna tare, sai dai idan ka miƙa abin da siga ɗaya ta ƙera ga aikin da ke jiran na ɗaya sigar, tun a wurin gini za a tare ka, kuma wannan alheri ne.

Python bai da wannan sassaucin. A muhalli ɗaya siga ɗaya tak ake iya girkawa ta kowane fakiti, shi ya sa kowane aiki ake keɓe masa muhallinsa da venv. Shekaru da yawa pip, mai girka fakitocin Python, ba ya ma warware rikici yadda ya kamata: abin da ya fara cin karo da shi yake girkawa, ya wuce. Sai a siga ta 20.3, ƙarshen 2020, ya sami sabon mai warwarewa da ke ja da baya yana gwada wasu sigogi, idan ya rasa mafita ya ce ResolutionImpossible. Mutane da yawa sun ji haushi a lokacin, suna ganin sabon pip ya lalata musu aiki. A gaskiya ayyukan sun daɗe da tsagewa, pip ya daina rufa musu asiri ne kawai.

Harshen Go ya bi wata hanyar ta dabam a 2018, bisa tsarin da Russ Cox ya gabatar. Kowane fakiti yana faɗin mafi ƙarancin sigar da zai iya aiki da ita, sai a ɗauki mafi girma cikin waɗannan ƙananan, a tsaya nan. Ba a tsallakawa zuwa sabuwar da ta fito jiya idan babu wanda ya neme ta. Kuma idan fakiti ya yi babban canji, sai sunansa ya canza, a ƙara /v2 a adireshinsa, ya zama tamkar wani fakiti ne dabam da zai iya zama kusa da tsohon. A ganina wannan na cikin tsare-tsare mafi gaskiya, don ya yarda da abin da sauran suke kauce wa faɗi: fakitin da ya karya alƙawarinsa ba shi ne na da ba, ko da sunan bai canza ba.

Maganar alƙawari ita ce gindin al'amarin. Lambar siga irin 2.4.1 tana da ma'ana ne saboda wata yarjejeniya da Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, dandalin ajiye kod, ya rubuta, wadda aka fi sani da SemVer. Lamba ta ƙarshe idan ta ƙaru, gyaran kuskure ne. Ta tsakiya, an ƙara sabon abu ba tare da taɓa tsohon ba. Ta farko, an karya wani abu, ka yi hattara. A kan wannan ne npm yake fassara ^2.4.1 da cewa duk sigar da ta kai wannan amma ba ta kai 3.0.0 ba, a ɗauka. Wato ka sa hannu tun yau a kan sigogin da ba a rubuta ba tukuna, bisa amanar cewa marubucin zai cika alƙawari.

Mafi yawansu suna ƙoƙarin cikawa. Matsalar ita ce marubuci ba ya ganin duk hanyoyin da ake amfani da aikinsa. Hyrum Wright, injiniya da ya yi aiki a Google, ya lura cewa idan masu amfani da abu suka yi yawa, duk wata ɗabi'a da ake iya gani a jikinsa, ko an yi alƙawarinta ko ba a yi ba, wani zai jingina a kanta. Marubuci ya gyara rubutun wani saƙon kuskure, a wurinsa ƙaramin gyara ne, ashe wani can yana karanta wannan saƙon harafi-harafi don yanke shawara. Lamba ta ƙarshe ce kawai ta motsa, amma aikin wancan ya rushe. Wani lokacin kuma karyewar a ƙasa take, inda ido ba ya kaiwa. Da NumPy 2.0, fakitin lissafi na Python, ya fito a watan Yuni 2024, fakitocin da aka gina da siga ta 1 sun ƙi tashi a kansa har sai da aka sake gina su, kuma waɗanda ba su sa iyaka ba sun jawo sabuwar sigar kai tsaye cikin ayyukan mutane.

To me zai hana kowa ya sa iyaka mai tsauri? Nan ma akwai rami. Lokacin da urllib3 2.0, fakitin Python na magana da intanet, ya fito a 2023, botocore, wanda ke ƙarƙashin kayan Python na Amazon, yana nan da sharaɗinsa na cewa sai sigar da ba ta kai 1.27 ba. Na wani lokaci, duk aikin da ke amfani da botocore ba shi da hanyar hawa sabon urllib3, kuma idan wani fakitin ya dage sai sabon, babu mafita ko kaɗan. Iyakar da ta kare wani ita ce ta ɗaure wani. Shi ya sa nake ganin dole a raba hukunci gida biyu. Mai gina manhajar da za a kunna, ya ƙulle kowace siga daram. Mai rubuta fakitin da wasu za su ɗauka kuwa, ya buɗe ƙofa gwargwadon abin da ya gwada, kada ya sa rufin sama don tsoro kawai, musamman a harshen da siga ɗaya ce ke iya zama. Kowane rufi da ya sa, wasu ne za su buga kai a jikinsa.

Akwai kuma dalilin lissafi da ya sa abin yake da wuya ko ga kwamfuta. Nemo jerin sigogin da zai gamsar da dukkan sharuɗɗa lokaci guda yana cikin rukunin matsalolin da masana ke kira NP-complete, waɗanda ba a san wata gajeriyar hanyar warware su a kowane hali ba. Wannan ne ya sa wani lokaci pip yake ta sauke siga bayan siga kamar ba zai gama ba. Ci gaban da aka samu a 'yan shekarun nan ya fi yawa a wajen bayani. Tsarin PubGrub, wanda Natalie Weizenbaum ta ƙirƙira don harshen Dart a 2018, kuma Poetry da uv, masu girka fakitocin Python, suka ɗauka, idan ya kasa yana faɗa maka dalili a jere: wane ya nemi kaza, wane ya hana, don haka ba zai yiwu ba. Saƙo irin wannan ya kan rage aikin yini zuwa na mintuna.

Fayil ɗin kulle shi ne maganin matsalar da muka fara da ita, ta manhajar da ta canza cikin dare. Gemfile.lock, yarn.lock da ya zo a 2016, package-lock.json da ya zo da npm 5 a 2017, Cargo.lock, duk aikinsu ɗaya: a rubuta ainihin sigar kowane fakiti a bishiyar, har na gado, don ginin gobe ya zama daidai da na yau, a kwamfutarka da ta abokin aikinka da sabar. A ajiye shi tare da kod, a kuma yi gini da umarnin da ke girmama shi, irin npm ci. Sai dai a fahimci iyakarsa. Kulle ba ya warware rikici, hukuncin da aka riga aka yanke yake adanawa. Ɗabi'ar nan ta goge fayil ɗin kulle a sake girkawa duk lokacin da abu ya cije tana ba ni tsoro, domin ka sake buɗe ɗaruruwan hukunce-hukunce ne a lokaci guda don gyara guda ɗaya.

Idan rikici ya taso, abu na farko shi ne a ga bishiyar. Kowace na'ura tana da hanyar nuna ta: mvn dependency:tree, dependencyInsight a Gradle, npm ls, cargo tree, pip check don gano saɓani. Tambayar ita ce wa ya jawo wannan sigar, ta wace hanya. Sau da yawa amsar tana da sauƙi: A ya tsufa, akwai sabuwar sigarsa da ta riga ta jitu da sabon C, ɗaga shi kawai za a yi. Idan babu, sai a tilasta siga da hannu, ta dependencyManagement a Maven, ko overrides a npm, ko resolutions a Yarn, takwaran npm. Wannan halas ne, amma ka sani ka ɗauki nauyin da marubucin fakitin bai ɗauka ba: kana cewa A zai yi aiki da sigar da shi bai taɓa gwadawa ba. Sai ka rubuta gwajin da zai bi ta ainihin wurin, ka kuma bar bayani a gefen layin: me ya sa, kuma yaushe za a cire. Tilastawar da ba ta da bayani, bayan shekara biyu babu mai ƙarfin halin taɓa ta. Shi kuwa umarnin --legacy-peer-deps na npm da ake yawan ba wa juna a matsayin magani, kashe ƙararrawa ne kawai, wutar tana nan.

Matakin ƙarshe shi ne a kwafi fakitin a sauya masa suna a cusa shi ciki, yadda Maven Shade yake yi, ko yadda pip kansa yake ɗauke da nasa kwafin fakitoci a foldar _vendor don kada ya yi karo da na mai amfani. Yana aiki. Illarsa kuma ta fito fili a watan Disamba 2021, lokacin da aka gano ɓarakar tsaro ta Log4Shell a Log4j, fakitin Java da ke rubuta bayanan abin da manhaja take yi. Kamfanoni da hukumomi a duniya suka tashi neman inda Log4j yake a cikin kayansu, da yawa suka tarar ba su taɓa zaɓarsa ba, gadonsa suka yi ta hawa uku ko huɗu, wasu kwafin kuma suna dunƙule cikin wasu fakitoci inda binciken sama-sama ba ya gani. Gyaran ya fito da wuri, 2.15.0, sannan 2.16.0 da 2.17.0 suka biyo baya cikin kwanaki. Waɗanda suke kusa da sabuwar siga sun ɗaga lamba sun wuce. Waɗanda suka shekara ba su taɓa bishiyarsu ba sun tarar ɗaga reshe ɗaya yana jan wasu goma, a daidai lokacin da maharan ke ƙwanƙwasa ƙofa.

Wannan ne ya sa ban yarda da wanda ke cewa a ƙulle komai a manta ba. Sabuntawa kaɗan-kaɗan, fakiti ɗaya ko biyu a lokaci guda, shi ne ke sa idan abu ya karye ka san wanda ya karya shi. Manhajoji irin Dependabot da Renovate suna iya kawo maka shawarar ɗagawa da kansu, amma amfaninsu yana tsayawa ne inda gwaje-gwajenka suka tsaya. Kuma inda na'ura take da zaɓin yin ƙara maimakon shiru, a kunna shi: dokar dependencyConvergence a Maven Enforcer, ko failOnVersionConflict a Gradle, suna tsayar da gini da zarar siga biyu sun haɗu. Ranar farko da aka kunna su a tsohon aiki, jerin da ke fitowa yana da tsawo, kuma kowane layi a ciki hukunci ne da na'ura ta daɗe da yankewa ba tare da an sani ba. Sai a zauna a bi su ɗaya bayan ɗaya, a rubuta sigar da aka zaɓa da dalilinta.